Rabin Bangon da Ka Bari

Assalamu alaikum, Malam.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma, da dariyar rubutuna za ka fara yi. A littafin makarantar Nana na yago ta, don maganganun sun yi mini yawa a ciki, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ba in ba kai ba.

Shekaranjiya na fita takaba. Hajja Batula, Bahaushiyar Sudan ɗin nan ta hawa na uku, ita ta zo ta yi mini kitso da lalle, ta turara ɗaki. Ɗalibai uku cikin waɗanda nake dafa wa abinci sun zo sun yi maka addu'a, suka sha shayi suka tafi. Shi ke nan taron.

Zafi ya fara raguwa. A farkonsa ka tafi, ba ka ga irin wanda muka sha bana ba. Yanzu kuwa da asuba sai na ja mayafi na rufe Nana. Mangwaro ya ƙare a kasuwar unguwarmu ta Faisal a nan Masar, gwaba da jan dabino sun fito. An koma makaranta, 'yarka tana aji biyar. Ba ta cika maganarka ba, sai dai ta hau kujerarka ta naɗe ƙafa.

Yaya Sani ya bugo waya sau uku. Ya ce tunda takaba ta ƙare in haɗa kaya mu koma Malumfashi, ba zai bar ƙanwarsa ita kaɗai da yarinya a ƙasar mutane ba. Matar mai gida ma ta aiko mai gadi, tana so ta ji ko zan ci gaba da zama ko ta sa wasu. Kowa ya zuba ido ya ji amsata kafin wata ya mutu.

Za ka ce ai wannan ba abin tunani ba ne. Wa ya fi ni son komawa gida? Shekara goma sha biyu ina damunka da zancen. Labulen da Inna ta ɗinka mini da kwanukan da ta ba ni sun yi ta zama cikin kwali a ƙarƙashin gado tun ranar da muka sauka. Na ƙi yin jere, don ina ganin in na yi jere kamar na yarda mun zauna ke nan. Kai kuwa kana dawowa daga raka marasa lafiya asibiti, ka yi tafinta tun safe har muryarka ta dushe, sai ka wuce kan bene wajen bokitanka. Zogale, yakuwa, lalo, barkono, ɗoɗɗoya. Ina ce maka wa ya taɓa noma a kan rufin gidan haya. Kai dai sai ka yi murmushi ka ɗauki jarka.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Sati ukun nan da ka kwanta, kullum sai ka tambaye ni ko na ba shukar ruwa, ni kuma in ce na ba su. Malam, sau biyu kacal na hau. Hawa shida ne, ruwan famfo ba ya kaiwa sama, ga jinya, ga girki. Amma ba gajiya ce kaɗai ba. Haushinsu nake ji, ina ganin su suka riƙe ka a garin nan. Ka gane ƙarya nake yi? Ina jin ka gane, don a satin ƙarshe ka daina tambaya. Ka yafe mini.

Sai bayan kwana goma da rasuwarka na hau, shanya ta kai ni. Lalo ya ƙone, barkono ya ƙone, zogalen ya zama sanda. Nan na zauna a kan siminti mai zafi na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka fita da kai. Washegari na ɗauki jarkarka. Tunda mai takaba ba ta yawo, kan benen nan ya zama unguwata. Zogalen ya yi toho bayan sati biyu. Yakuwa ta yi ganye har ta kai ƙirjina, amma duk tsawon zafin nan ta ƙi fure, ina ta zargin kaina. Hajja Batula ta ce in kwantar da hankali, a wajensu ma ba ta fure sai rana ta fara gajarta. Ga shi kuwa satin nan ta buɗe, fari-fari da jan ciki. Ina jin nauyin faɗa maka, amma ina jin daɗin aikin nan. In na tsoma hannu a ƙasar bokiti da safe, kurciyoyin maƙwabta suna kewaya sama, nakan manta da ciwon gwiwa na ɗan lokaci.

Saura maganar bango. Ka tuna ka fara fentin falo kafin ciwo ya kayar da kai, ka gama gefe ɗaya ka bar ɗayan a rabi. Da kanka ka haɗa launin, kana ɗiga shuɗi cikin fari kana juyawa, kana tambayata ko ya yi kama da ɗakin Inna in ta shafe shi da farar ƙasa da bula. Na ce maka ban sani ba, ko ɗaga kai ban yi ba. Ya yi kama, Malam. Shi ne sak. Wata huɗu na yi ina zaune ina kallon inda burushinka ya tsaya.

Ka san a gida da damina ta ɗauke, kaka ta shigo, Inna takan fitar da kaya waje ta shafe ɗaki. Satin da ya wuce da na ji iska ta canja, sai hannuna ya fara ƙaiƙayin aikin. Na ce ko tafiya zan yi, bari in ƙarasa maka bangonka. Na buɗe gwangwanin na tarar fentin ya yi kauri. Sai na yi yadda na taso na ga ana yi: na zuba ruwa, na sa muciya na juya, na samo tsumma. Wa ya taɓa faɗa mini akwai fentin da ba ya shan ruwa? Ashe na mai ne. Ya tsinke ya yi guda-guda kamar nonon da ya kwana a rana. Maimakon in tsaya sai na ƙara ruwa. Na shafa a bango, ya dinga zubowa yana ɓata har wajen da ka gama. Hannuna shuɗi har gwiwar hannu, sabulu ya ƙi fitar da shi.

A haka Hajja Batula ta shigo ta same ni. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana ce mini 'yar ƙauye, wai shekara goma sha biyu a Masar amma ina damun fenti kamar kunu. Ni ma na yi dariya, karon farko tun tafiyarka, daga nan kuma ta koma kuka. Ta ce ma'alish, wato ba komai, ta samo kananzir ta goge mini hannu. Ta ɓanɓaro ɗan ɓawon fentinka ta kai wa mai shago a bakin titi. Sau uku yana haɗawa, ko ɗaya bai dace da naka ba. Ya ce in ana son bango ya zama launi ɗaya, sai an shafe shi duka.

Jiya muka shafe, har da naka. Akwai wani wuri kusa da taga inda gashin burushinka biyu suka maƙale a fenti suka bushe. Da na iso wajen na daɗe a tsaye. Sannan na bi ta kai. Sabon launin ya fi naka duhu kaɗan. Ba na Inna ba ne, ba naka ba ne, amma ya yi kyau.

Da yamma na ga bangon ya yi fili da yawa. Ban yi shawara da kowa ba, na jawo kwalin nan. Asu ya ci gefen labulen, na naɗe wajen na ɗinke na rataya. Na wanke kwanukan na jera su a kan kanta. Nana ta dawo daga hadda ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, sai ta tambaye ni ko mun fasa tafiya ne. Sai a lokacin na gane na riga na ba da amsa.

Yau da safe na kira Yaya Sani na ce masa ba zan zo ba, zan ci gaba da girkin ɗalibai har Nana ta gama makaranta. Ya ce ni na sani, ya kashe wayar kafin in ce ya gaida mutanen gida. Na aika wa matar mai gida ita ma. Ban san ko daidai na yi ba. Na gaji, Malam. Sanyin garin nan yana tafe, benen bai rage tsawo ba, kuma ba wanda zai karɓi jarkar a hannuna a hawa na huɗu. Me ya sa sai da ka tafi na ga abin da kake gani a gidan nan?

Har yau ban san inda aka sa ka ba, maza ne suka kai ka. A gida da ba zan taɓa sani ba, amma matan nan suna zuwa maƙabarta. Ran Juma'a Hajja Batula za ta raka mu ni da Nana, mota biyu za mu hau. Ta ce mutanen gari sukan kai ɗanyen ganye su ajiye a kan kabari. Ban san me malamanmu za su ce ba. Zan yanko ɗoɗɗoyarka, ta yi yawa har tana zubowa daga bokiti, in kawo maka ka ji ƙamshinta.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Matarka,
Hadiza, Maman Nana