Dokoki Uku da Reshen Mangwaro

Litinin, 7 ga Afrilu

Farfesa ya dawo mini da babi na biyu, jan biro ya fi baƙin yawa. Wai mémoire ɗina, kundin kammala digirina, kan haƙƙin maƙwabtaka duk littattafai ne, babu mutum mai numfashi a ciki, in je in nemo misali mai rai. Wata takwas ina kwatanta Code civil na Faransa da dokar Ingilishi da fiƙihun Malikiyya, yanzu kuma a ce mutum!

Na dawo unguwarmu Briqueterie raina a ɓace, na zauna a tsakar gida, sai na ɗaga kai. Ga mangwaron da marigayi Baba ya shuka, babban reshensa ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabciyarmu Gwaggo Bintu. Ashe misalin yana nan yana yi mini inuwa tun ina goye. Lallai Salwa, kanki yana ja.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na fara da Inna, tana tsince shinkafa. Na ce na wa ne mangwaron wancan reshen? Ta ce na Allah. Na ce ban da Shi. Ta ce na mai ci.

Dole na wayar mata da kai. A Code civil, wanda muke bi nan Yaoundé, maƙwabci na iya tilasta a sare reshen, kuma abin da ya faɗo da kansa nasa ne. A dokar Ingilishi, irin ta su Bamenda, 'ya'yan na mai itace ne ko da sun faɗa gidan wani. Malamanmu kuma sun ce in akwai cuta a kawar da ita. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to ita daga yau 'yar Bamenda ce. Na rubuta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gidan Gwaggo. Ta tare ni da mangwaro uku a faranti, na ce ba zan ci ba, mai bincike ba ya cin abin da ake shari'a a kansa. Ta dube ni, ta dubi littafina.

Na tambaye ta ko da kansu suke faɗowa ko da gora take kaɗo su, don doka ta bambanta. Na kuma shaida mata, don adalci, cewa ɗaya ɓangaren ya zaɓi dokar Bamenda. "Wane ɓangare?" Na ce Inna. Ban faɗi dariyar ba, dariya ba ta shiga rahoto.

"Murja ce ta aiko ki da biro?" Na ce a'a, kimiyya ce. Ta ɗauke farantin.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Tun da na yi wayo, duk Juma'a Inna na aika wa Gwaggo waina, kwanon ya dawo da miyar yakuwa irin ta mutanen Garwa. Yau ya dawo wanke tas, ba ko ɗigo. Inna ta daɗe tana leƙa cikinsa.

Na ci tuwo da miyar jiya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Gwaggo ta kafa kujera ƙarƙashin reshen. Duk wanda ya faɗo sai mu ji ta ta katanga: "Jama'a ku shaida, da kansa ya faɗo! Kod sibil!" Na ƙirga sau goma sha ɗaya kafin la'asar. Gaskiya ta fahimci ayar fiye da wasu 'yan ajinmu.

Inna ta zuciya, ta ɗaga murya ta ce a Bamenda dai ana mayar wa mai abu abinsa. Da magariba sai ga kwando a ƙofarmu, cike da ƙwallaye da ɓawo, an tsotse su fes.

Laraba, 23 ga Afrilu

Farfesa ya karanta shafi goma ya ce excellent! Bai taɓa ce mini haka ba. Yana so ya ji yadda za ta ƙare. Na sayi tsire a bakin titi don murna, amma a gida ba wanda zan ba labari. Inna ba ta magana sai da tukunya.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ba waina, ba kwano.

Yaya Mohaman, babban ɗan Gwaggo, ya tare ni a lungu, hannunsa duk baƙin man gareji. Ya ce tsohuwa ta sa shi aro zarto daga wani kafinta a Tsinga, Asabar ta sama zai sare reshen tun da doka ta ba ta. Na ce doka cewa ta yi ta tilasta mu mu sare, ba ita ta sare ba. Ya ce, "Ƙanwata, je ki faɗa mata da kanki." Ban je ba.

Inna ta ce su sare, itace ne ba ɗa ba. Amma da na fito alwala na gan ta tsaye gindinsa, ta dafa shi da tafin hannu. Baba bai bar mana wani abu mai rai ba sai shi.

Talata, 29 ga Afrilu

Na tsara takardar sulhu mai layi uku, kowace doka da nata layin, na ba kowacce kwafi. Inna ta kunna gawayi da nata. Na Gwaggo na gan shi wajen mai ƙosai.

Ba laifina ba ne in mutane ba su girmama ilimi. Ina jin ba laifina ba ne.

Asabar, 3 ga Mayu

Zan rubuta yadda ya faru, ko da ba ni na fito da kyau a ciki ba.

Da hantsi Yaya Mohaman ya kafa tsani. Inna na wanki a namu ɓangaren, wankin da ta riga ta yi jiya. Gwaggo na can nata ɓangaren tana tari na ƙarya. Ni ina tsaye da Code civil a hammata, ban san me zan yi da shi ba.

Ya ɗora zarto, ya ja sau biyu, sai ƙarar ƙarfe. Ya ce wa ya ɗaura waya a nan? Ta nutse cikin ɓawon itacen, duk ta yi tsatsa.

Can Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Uban wannan mai biron ne." Wai da aka haife ni ta kwanta ciwo wata biyar, Gwaggo ce ta shayar da ni tare da Lailatunta. Wannan na sani, kowa ya sani. Abin da ban sani ba, Baba ya rasa abin da zai yi mata, sai ya ɗaura wa ƙaramin reshen dutse da waya, ya lanƙwasa shi ta kan katanga, ya ce muddin yana 'ya'ya nata ne.

"Duwatsu biyu!" in ji Gwaggo ta katanga. Inna ta ce ɗaya. "Biyu, Murja, ɗayan ma dutsen niƙana ne, har yau ba a mayar mini ba!" Suka yi ta musu a kan dutse, maganarsu ta farko cikin sati biyu. Sai muryar Gwaggo ta karye. Ta ce ta ɗauka mun aiko yarinya da littafi ne mu karɓe kyautar marigayi Alhaji. Inna ta ce wasa fa take yi da Bamenda, ita ko tashar motar Bamenda ba ta sani ba.

Daga nan su biyun suka juyo kaina. Katanga na tsakaninsu amma bakinsu ɗaya. Yaya Mohaman na bisa tsani yana dariya har zarton ya faɗi.

Kyauta. Ba dokar da ba ta san kyauta ba cikin ukun nan, tun shekarar farko aka koya mana. Na tambayi kowa abin da doka ta ce, ban tambayi kowa abin da Baba ya ce ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ce wa Inna mura ce.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ƙara layi na huɗu a babin, bayan dokokin nan uku: kyautar Baba. Farfesa ya tambayi madogara, wane littafi, wane shafi. Na ce ba a buga shi ba tukuna.

Wainar yau ni na soya, rabi ta ƙone. Ni na kai kwanon, ba don komai ba, hanya ce ta biyo da ni. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce a wace doka ake kiran wannan waina? Ta zuba yakuwa har baki, sannan ta ɗauki gora ta kaɗo mangwaro ɗaya a gabana, tana kallona.

Ban zo da biro ba. Na cinye har na tsotse ƙwallon.