Abin da Mladen Ya Ji a Waƙoƙin Baba

Svishtov, watan Satumba

Zuwa ga Yayana Radoslav,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Gwaggo Nevena ta warke har ta koma zuwa coci, inabin lambun gida kuma ya nuna, sai dai tsuntsaye sun fi mu morarsa.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ba ciwo yake yi ba, yana cin abinci, yana aski. Ka san tun da ya bar koyarwa ba ya fashin taron marubuta waƙa na ranar Alhamis a ɗakin karatu na gari. Kwanan baya ya karanta sababbin waƙoƙinsa, gajeru, a kan kogi da wata riga da aka rataye a reshe. Aka tafa, ni ma na tafa. Da muka fito sai Mladen ya ja ni gefe, ɗalibin Baban nan mai in'ina, wanda yanzu yake koyar da nazarin waƙa a jami'a. Ya ce ya daɗe yana nazarin waƙoƙin Baba, kuma duk ɗacinsu, har waɗanda ya yi bayan rasuwar Mama, akwai gobe a cikinsu: zan shuka, zan jira, zan dawo. A sababbin babu "zan" ko ɗaya. Mai magana a waƙar yana tsaye a bakin ruwa, a baitin ƙarshe kuma sai rigar kaɗai. Ya ce shi bankwana ya ji.

Na gaya wa Gwaggo, ta ja tsaki. Ta ce halin 'yan jami'a kenan, mutum ya yi atishawa su auna masa akwatin gawa, ita ƙaninta tun yana da majina yake rubuta kogi. Na so in yarda da ita. Ai Baba da kansa ya koya mana cewa rabin waƙa mai karatu ne ke tahowa da shi daga gida, to wataƙila tsoron Mladen ne ya zuba a baitin da ba nasa ba. Amma tun ranar idona ya canza. Baba ya ba maƙwabci karensa, wai gwiwa ba ta barinsa yawo da shi, alhali kullum da safe yana gangarawa bakin kogin Danube shi kaɗai. Na rasa ko gani nake yi, ko ni ma fassara nake.

Ranar Lahadi na gayyaci Mladen cin abincin rana, na roƙe shi ya maimaita a gaban Baba. Ka san Baba, bai taɓa barin wani ya fassara waƙarsa ya tashi lafiya ba, sai ya yi masa kaca-kaca yana dariya. Abin da nake jira kenan. Mladen ya yi bayani yana in'ina, gumi na karyo masa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ajiye cokali, ya ce, "Na koyar da kai da kyau, Mladen." Daga nan ya ce in miƙo masa gishiri. Gwaggo ba ta ƙara cin loma ba.

Na kwaso kayana na dawo gidan Baba. Na yi magana da likita, zai zo. Ina raka Baba bakin kogi, kuma bai hana ni ba, bai ma yi mita ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Kada ka kira shi a waya, barkwanci zai yi maka ka kwanta da murna. Ka taho, Yaya, kada ka jira Kirsimeti. Idan ƙarya muka karanto, ka zo ka yi mana dariya, zan fi kowa jin daɗi.

Ka gaishe mini da Desislava, da Boyan, da 'yar autarku Yoana. Gwaggo tana gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Tsvetana