Ƙwayoyin Alli a Kantin Baffa

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, cewa in je in durƙusa in ba Baffa haƙuri saboda na kai ƙararsa hukuma. Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba, amma na ga alama rabin labarin ƙaninka ya kawo maka.

Ka san kantin maganin nasa ne, amma lasisin da ke rataye a bango nawa ne, da sunana da hotona. Doka ba ta yarda a buɗe kanti ba sai da wanda ya karanci haɗa magunguna, shi ya sa ya ɗauke ni. Akwai wani dattijo, direban babbar mota, da ke sayen maganin hawan jini a wurinmu. Mutum ne mai barkwanci, duk zuwansa sai ya tsokane ni kafin ya miƙo hannu in auna shi. Sai na ga jinin yana ta hawa, alhali ya rantse ba ya tsallake shan magani. Na ɓalle ƙwaya ɗaya na murza, ta wargaje a yatsana kamar alli. Ashe Baffa ya bar inda muke saro magani, ya koma wani sito a cikin kasuwa saboda araha. Na kai ɗakin gwaji, suka ce babu ɗigon magani a ciki.

Na canza wa direban da mai kyau, na kwashe sauran ƙwayoyin daga kan kanta, na nuna wa Baffa sakamakon. Ya ce boko ne ke ɗibata. Ranar hutuna ya mayar da su. Da maganin direban ya ƙare matarsa ta zo, Baffa da hannunsa ya miƙa mata allin nan. Yanzu bawan Allah yana kwance a asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Na je duba shi, ya so ya tsokane ni, harshen ya ƙi.

A kan wannan zan ba da haƙuri? Ka yafe mini, ba zan iya ba.

A gaishe da Inna.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da fatan alheri, tare da fatan jikin Inna ya yi sauƙi. Ban ji daga gare ka ba, na san fushi ne.

Hukuma ta yanke hukunci, kuma ni ta kama. Sun dakatar da lasisina. Na zauna gaban kwamiti a wani ɗaki mai dogon tebur, na ce ni na gano maganin, ni na kai gwaji, ni na kawo ƙara da ƙafata. Shugabansu ya ce, "Mu ke muka sani. Sunanki ne a bango." Wai Baffa ɗan kasuwa ne, ba ya cikin rajistarsu, ba su da ikon hukunta shi sai tara. Na ce to siton fa? Suka ce wannan aikin wani ofishi ne. Na je ofishin, suka ce motarsu ta lalace.

Wace irin doka ce wannan, Baba? Ta ɗora mini alhakin kanti, ta bar mabuɗi a aljihun wani. Baffa da ya saro bai rasa komai ba, mai siton da ya sayar masa yana nan yana loda katan, wadda ta yi magana ita ce a zaune a gida.

Kantin ma ya sake buɗewa. An samo wata yarinya da ta gama karatu bana, an rataya nata lasisin a ƙusar da aka cire nawa. Na tare ta a hanya na gaya mata komai. Idonta ya cika da ƙwalla, ta ce ta daɗe tana neman aiki.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya Inna ta faɗa mini a waya cewa tun da Baffa ya ce ka daina wahalar layin asibiti, shi yake aiko maka da maganin hawan jininka. Ta karanta mini sunan da ke jikin kwalin. Shi ne, Baba. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma don Allah gobe Yaya ya kai ka a auna ka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Na gode wa Allah da na ji jinin ya fara sauka tun da aka canza maka magani. Da Yaya ya faɗa mini inda ya kai ranar da aka auna ka, sai da na nemi wuri na zauna.

Ya kuma ba ni labarin zuwanka kantin. Wai ka ajiye kwalin a kan kanta a gaban masu saye, ka tambayi Baffa ko ya san abin da ke ciki lokacin da yake aiko maka. Wai ya yi ta kallon ƙasa, ya ce shi ya ɗauka sharrin 'yan boko ne. Ban san ko in yarda da shi ba. Yarinyar dai ta sauke lasisinta a ranar, ta zo wurina da shi a jaka, muka rubuta ƙarar siton tare. Har yau siton yana buɗe, kuma har yau ni a dakace nake, amma yanzu mu biyu ne, kuma ba za mu daina zuwa ofishin nan ba sai sun gaji da ganinmu.

An sallami direban. Yana iya riƙe kofi, amma likita ya ce shi da tuƙi har abada. Yaya ya ce kana son ka je ka ba shi haƙuri a madadin gidanmu. Ba kai ka yi masa laifi ba, Baba, amma tunda wanda ya yi ɗin ya ƙi zuwa, ka jira ni. Zan zo in raka ka, na san gidan.

A gaishe da Inna da kyau.

'Yarka,
Auta