Jakar da Ta Shiga Tsakaninmu

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake sauke gajiya, matata abar ƙaunata,

Ya ke wadda murmushinta ke riga rana shigowa ɗakinmu! Kada ki yi mamakin tsintar wasiƙa a aljihun farar rigarki ta aiki daga mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya. To a ina zan gaya miki? Inna na tsakar gida da rediyonta, ƙannena mata biyu na rigima a kan dutsen guga, ke kuma da kin dawo daga asibiti sai littattafan jarrabawa. Shekara biyu da aurenmu, lokacin da nake samunki ni kaɗai bai wuce minti ashirin ɗin nan na safe ba, daga ƙofar gida zuwa ƙofar asibiti, ina taka keke kina zaune a kariya. Su ne dukiyata, kuma da hannuna na zubar da su.

Kin tuna safiyar nan bayan ruwan sama, da muka gangaro ta wajen gada, ƙasa na ƙamshi, iska na wasa da gefen mayafinki? Kika kwantar da kuncinki a bayana kina ba ni labarin jaririn da aka haifa a hannunki, muryarki na shigowa ta haƙarƙarina kafin ta iso kunnena. Ranar da gangan na bi doguwar hanya. Kin gane sarai, kika mintsine ni, amma ba ki ce in juya ba. Wane sarki ne ya fi ni a wannan safiya?

Sai na je na kwaso wa kaina baƙar jakar goyo mai aljihu goma sha ɗaya. Wayyo ni da son tarkace! Na zuba famfo da sifana da faci, fulas ɗin shayi, rigar ruwa, takalmin canji, da samfurin takardun maɗaba'armu da babu wanda ya ce in ɗauko. Na goya ta ina ƙobarewa kamar mai tafiya ƙasar waje, alhali gari guda ne. Bayan mako ɗaya kika ce ai bas ya fi sauri. Bas ɗin da ke tsayawa a gindin kowace bishiya! Na yi murmushi na ce to, amma raina ya sosu ƙwarai. Sati uku ina tafiya ni kaɗai, keken ya yi sakayau, ƙirjina ya yi nauyi, ina ta lissafin abin da na yi da zuciyarki ta huce daga gare ni.

Yayarki ce ta fasa min ƙwan shekaranjiya. Ta ja ni gefe ta ce ta sha ganin mazan da ke gina katanga tsakaninsu da matansu, amma ba ta taɓa ganin mai goya tasa katangar ba sai ni. Ashe zif ɗin jakar ya karce miki kunci. Ashe a ƙarshen kariya kike maƙalewa, babu abin riƙo sai igiyar jaka. Haba, farin watana, me ya hana ki faɗa? Wai don kin ga ina murna da ita, ba ki so ki kashe min jiki. Wannan kara taki ta kusa kashe ni gaba ɗaya.

Jiya da na tashi aiki ban zame ko'ina ba sai shagon mai jakunkuna. Ya fito min da tagwayen da ake ratayawa a gefen kariya, na ce a nan ƙafafun matata ke sauka. Ya kawo ta kafaɗa, na ce wannan duk kwanar da na sha sai ta mare ki. Ya nuna kwando, na ce ruwan sama fa? Da na ga surutu ba zai raba mu ba, sai na roƙe shi ya hau bayana a kan keke mu gwada. Mutumin ya yi biyunki har da ɗoriya. Muka yi ta zagaya ƙofar shago, taya na kuka, maƙwabtansa na riƙe da ciki, duk jakar da na ɗaura sai in tambaye shi ko hannunsa na zagaye ni sosai.

Da ya sauko yana haki ya ce, "Malam, shekara ashirin ina sayar da jaka, ba a taɓa sa ni rungumar mai saye ba. Ɗauki ƙaramar nan ka tafi, Allah ya bar ku tare."

Ita na ɗauka. 'Yar ƙarama ce mai launin toka, a kan keke ake ɗaure ta ta gaba, ruwa ba ya shigarta, kuma gaskiya ba ta da kyau ko kaɗan. Abin da take ci bai wuce makulli da waya da faci da ɗan famfo da abincin rana ba. Sauran kayan na zazzage su a kan gado na rasa dalilin da ya sa nake yawo da su. Takalmin nan ko sau ɗaya ban canza ba. Baƙar jakar kuwa na ba autarmu ta kai makaranta, can su ƙarata.

Yanzu ga roƙona, ya turaren numfashina. Gobe ƙarfe bakwai zan tsaya a ƙofar gida, na goge kariya, na ɗaura mata sabon matashi. In kika wuce ni kika hau bas, wallahi zan bi ta gefen tagarki ina kaɗa ƙararrawa har fasinjoji su gaji su sauko min da ke. Amma na fi so ki zo da kanki. Na yi kewarki, kewa mai tsanani, kina gabana kullum ina kewarki. Na sauke duk abin da na goya, bayana babu kowa babu komai. Ki zo ki jingina.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, har ranar da ƙafafuna za su kasa taka feda ki riƙe hannuna mu ƙarasa a ƙasa,

Mijinki.