Zumar da nake kai wa yayana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda idonsa zai kai kan takardata. Daga Zongon Lome nake rubuto muku, inda jaridarku take iso mana a hannun direbobi, wani lokaci bayan sati uku. Don girman Allah ku sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Karatuna bai wuce firamare ba. A garin nan mun saba da kama bakinmu, ko maƙwabcinka ba ka faɗa masa komai, shi ya sa na kawo maganata nesa.

Innarmu ta yi shekara shida da ciwon sukari, irin na manya da ake shan ƙwaya. Mu biyu ta haifa, ni da yayana, kuma ni na riƙe ta, domin shi yana unguwar Amutive da iyalinsa, kusa da rumfarsa ta atamfa a kasuwar Asigame. Ni mace ce mai yawan wasiwasi, alwala ma sai na maimaita. Da likita ya ba mu rejim, wato abin da za ta ci da wanda za ta bari, sai na manna takardar a bango na bi ta kamar farilla. Koko nake sayarwa, amma na kwashe sukarin sana'ata na kai ajiya ɗakin maƙwabciya. Tuwonta da ludayi nake aunawa, burodi na hana, fura na hana. Duk da haka, duk wata idan muka yi sammako daga wannan sabon Zongo da aka watso mu bayan an rushe tsohon, muka je aka ɗebi jininta, sai a ce sukari ya hau. Nas ɗin, wata 'yar ƙabilar Mina mai kirki, ta tambaye ni, "Ta ci wani abu da safen nan?" Na ce ko loma. "Ƙwayar fa?" Na ce da hannuna nake ba ta. Na canza tukunya, na canza mai, na daina ba ta ko ayaba. Wane irin ciwo ne wannan da ba ya jin magani, ba ya jin yunwa?

Ranar sunan ɗansa na huɗu, gida cike da mutane, Yaya ya dube ni ya ce, "Ke mai koko, hannunki ya saba da zuba sukari. In kin gaji da ita ne ki faɗa mana." Na ce, "Yaya, ni?" Ya ce, "Ke fa. Idan tsohuwar nan ta mutu, kin san wanda ya kashe ta." Inna tana zaune a kan tabarma, ta sunkuyar da kai. Kafin sati maganar ta zagaye Zongo. Har wata ta miƙo mini kwanonta tana dariya ta ce, "A zuba mini irin na Inna." Bayan wata biyar miki ya fito mata a ɗan yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta. A zaman makoki ina jin idon mutane a bayana kamar garwashi.

Bayan sadakar arba'in na buɗe adakarta, sai na tarar da kwalabe naɗe cikin tsofaffin zannuwa, kiyashi ya yi musu baƙi. Na nuna wa Iya Mero, ƙawarta ta tun tsohon Zongo. Ta ce, "Ai rubutun da yayanki yake kawo mata ne duk Juma'a, haɗe da zuma. Rabin kofi da asuba, rabi da magariba. Ya ce kada a gaya miki, ke da tsarabe-tsaraben asibitinki za ki hana." Na ɗauki kwalba ɗaya na kai wa nas ɗin nan. Ta shinshina, ta dafe kai ta kira sunan Allah da yarensu, "Mawu! Ƙanwata, ga abin da muka yi shekaru muna nema." Ta ce zuma tana hawar da sukari kamar sukarin kansa. Ni ba ina musun albarkar rubutu ko ta zuma ba ne, Allah ya tsare ni. Amma ashe har ranar gwaji Inna sai ta sha kafin mu fita, domin a wurinta magani ne, ba abinci ba.

Washegari na nufi Asigame da kwalbar in jefa masa a gaban abokan cinikinsa, sai na tarar an rufe kasuwa, an kwashi mutane zuwa tafi da rawa don tarbar baƙon gwamnati. Na dawo gida. A hanya na ce wa kaina, in na faɗa masa me zai yi? Ya yi kuka kwana biyu, ya ce ƙaddara, a yafe masa, domin shi alhaji ne. Ni kuwa wa zai wanke ni? Sai na mayar da kwalbar cikin adaka, na binne maganar.

Shekara biyu bayan haka ciwon ya kama shi. Ya kira ni ya ce, "Ƙanwata, matan arewa da suke kawo miki gero suna zuwa da zuma mai kyau. Ki riƙa samo mini, zan haɗa da rubutu. Zuma ba sukari ba ce, waraka ce." Wallahi na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ranar suna. Na ce, "To, Yaya." Yau wata takwas ke nan, duk Juma'a ina kai masa, kuma mai kauri nake zaɓa. Yana karɓa yana sa mini albarka. Likita ya ƙara masa ƙwaya, ya koma yi masa allura, ya rasa dalilin da sukarin ya ƙi sauka, domin idan an tambaye shi me yake ci, ba ya ambaton rubutu. Idan ya ce mini, "Ya sake hawa," nakan ce, "Allah ya sawwaƙe," amma ina jin sanyi a ƙirjina. Kunya nake ji ina rubuta wannan. Ina dawowa gida in ja carbin istigfari har yatsuna su gaji, in ce ai ba ni nake ɗura masa ba, shi ya roƙa. To amma wa nake yaudara? Na san abin da ke cikin kwalbar nan.

Juma'ar da ta wuce na tarar da ƙafarsa naɗe da bandeji, miki a babban yatsa, kuma yana yi wa matarsa tsawa. Zan kira ta Adiza. Yarinya ce mai ilimin Faransanci, ba ta taɓa yi mini laifi ba. Yana cewa, "Hannunki ne! In na mutu kin san wanda ya kashe ni." Kalmomin nan dai, ko ɗaya bai canza ba. Ta biyo ni zaure da littafin da take rubuta duk abin da ta dafa masa, idonta ya kumbura. Ta ce, "Gwaggon yara, ke kika yi jinyar Inna. Don Allah duba, me nake yi ba daidai ba?" Na duba, babu kuskure ko ɗaya. Na ce mata ta yi haƙuri. Sannan na koma ciki na miƙa masa kwalbar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ba ta huce ba. In zan faɗa, so nake in faɗa a gaban jama'a kamar yadda ya yi mini, ya ji da kunnensa wanda ya kashe uwarmu. Amma nan take wani zai tambaya, "Ke tun yaushe kika sani?" Daga nan abin da aka yi mini ƙazafinsa ya zama gaskiya. In na daina kai masa a shiru, zai aika a sayo wani wuri. In na ci gaba, za a yanke ƙafar, Adiza ta ɗauki sunan da na ɗauka. Kwalaben Inna suna nan cikin adaka, sabuwar kwalbarsa kuma ga ta a gabana, jibi Juma'a. Jama'a, me zan yi?