Ɗorawa Mai Lamba Goma Sha Tara

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Kare Itatuwa da Yaƙi da Ɗumamar Yanayi na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar da addini ya ɗora mini, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da gidajen burodinka biyu da ke wajen Bacirawa, waɗanda na ji an ce wutarsu ba ta mutuwa. Ban rubuta sunanka ba, amma kada ka ɗauka tsoro ne. Duk wanda ya taɓa shan shayi tsakanin ƙauyenmu da Ungogo ya san da wa nake. Ni ne Malam Garba, malamin firamare, wanda ka naɗa sakataren kwamitinka na ƙauye, kana dafa kafaɗata a gaban baƙi kana cewa ga ɗan gari. Sau uku na zo gidanka, sau uku mai gadi yana cewa kana hutawa. Tunda ƙofarka ta ƙi buɗuwa, sai ka karanta tare da jama'a.

Na farko, ranar da ka fara zuwa.

Bara waccan ne, ana gab da shuka. Ka zo makarantarmu da motoci da masu ɗaukar hoto, ka tara mu a ƙarƙashin tsamiya. Ka ce hayaƙin injina da na motoci da na itacen da ake ƙonawa yana hawa sama ya taru, ya rufe duniya kamar murfin tukunya, zafin rana ya shiga ya kasa fita. Ka ce bishiya tana zuƙe wannan iskar ta ajiye a jikinta, in kuwa aka sare ta aka ƙona, duk abin da ta ajiye sai ya koma sama. Wallahi na yarda da kai, kuma har yau na yarda da maganar, don ba sai an zo da mota an faɗa mana ba. Mun shuka gero da ruwan farko ya ƙone, muka sake ya ƙone. Rijiyar makaranta sai da aka ƙara wa guganta igiya. In bazara ta yi, ajina yakan zama kamar tanda kafin azahar.

Daga nan ka juya kan matanmu. Ka ce murhunsu yana cikin masu laifi, ka hana sare ko da reshe ɗaya. Ni na bi gida-gida ina maimaita maganarka. Mahaifiyata, wadda duk gari ke kira Inna Mai Daddawa, ta daina sauke busasshen reshe daga bishiyarta ta kanta. Ta koma dafa kalwa da kara da kashin shanu, idonta yana ruwa don hayaƙi, saboda ɗanta ɗan boko ya ce haka ya kamata.

Na biyu, rajistar da ka sa ni yi.

Ka ce baƙin da ke ɗaukar nauyin shirin suna son a san kowace babbar bishiya, don abin da aka rubuta ba a iya sace shi. Ka ba ni littafi da gwangwanin jan fenti da igiyar awo. Hutun makaranta guda na kashe ina yawo a gonaki. Kowace ɗorawa, kowace tsamiya, kowane gawo, na auna kaurinsa, na rubuta masa lamba a jiki, na shigar da sunan mai shi. Har da wani gurbi da ka ce in ƙara: mai bishiyar yana gari ko yana birni, yana da manyan 'ya'ya ko ba shi da su. Ka ce don a san wanda zai kula da ita ne. Ni kuwa, da wayona da takardar shaidata ta malanta, na cike gurbin tsaf, har ina ja masa layi da rula.

Ranar da na iso kan ɗorawar Inna guda uku, ta same ni da buroshi a hannu. Ta ce, "Malam, ba a ƙirga abin arziki. Wa ka taɓa ji ya tsaya yana ƙirga 'ya'yansa a gaban mutane? Abin da aka ƙirga albarkarsa tashi take yi." Na yi dariya, na ce mata camfi ne. Na rubuta goma sha bakwai, goma sha takwas, goma sha tara. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa a lokacin ko kututture ban hau ba.

Na uku, na wa ne bishiyoyin.

Na san abin da za ka ce: ai gonar taka ce, ka saya. Gaskiya ne, ka sayi ƙasa a hannun Kawu Idi, ƙanin Inna, kamar yadda ka sayi gonakin bakin hanya don ka yanka fulotai. Amma kai ba baƙo ba ne, Alhaji. A ƙauye aka yanke maka cibiya. Ka san a wajenmu ƙasa daban, bishiya daban. Ranar da aka raba gadon kakana, Inna ta ce a bar wa ƙaninta ƙasar ya noma, ita a ba ta ɗorawa uku a madadin kasonta. An yi haka a gaban liman da mai unguwa, kuma dukansu suna raye. Ranar cinikinku ma Kawu Idi ya faɗa da bakinsa cewa ƙasa ya sayar ban da ɗorawa, ka ce ai ka sani, kai da kake shugaban kare itatuwa. Sunan Inna yana cikin kwafin littafin da ke hannunka, da rubutuna.

Ka kuma san abin da ɗorawa take a gidan mace. Garinta yara su sha, kalwarta a yi daddawa, makubarta a gyara daɓe. Da waɗannan bishiyoyi uku Inna ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Rigar makarantata ta farko warin daddawa take yi, yara suna tsokanata, ina kuka. Yau da zan samu wannan rigar da na rungume ta.

Na huɗu, ranar Larabar nan.

Bazarar bana ce, ɗorawa ta yi 'ya'ya sun sauko reto-reto, saura 'yan makonni a fara kaɗa. Ina cikin aji ina koyar da darasin amfanin itatuwa, wanda kai ka ce a ƙara a jadawali, sai na ji kukan injin yankan itace daga wajen gonakin bakin hanya. Kafin in isa, goma sha bakwai tana ƙasa, goma sha takwas tana rawa. A kan idona ta faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin ƙafafuna. Shugaban leburorinka yana tsaye da takarda a hannu. Na karɓa na duba, sai ga rubutuna, kwafin rajistata, an bi an yi wa wasu layuka alama da biro. Duk waɗanda aka yi wa alamar masu kauri ne, kuma duk na tsofaffi ne da zawarawa da waɗanda 'ya'yansu ke birni. Na Inna ma an yi musu, don ka san ɗanta yana aljihunka. Shugaban leburorin ya ce mini umarni ne daga sama, tsofaffin bishiyoyi za a cire a dasa sababbi.

Inna tana wurin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta durƙusa tana tsintar ɗanyun 'ya'yan ɗorawa da ba za su yi mata amfanin komai ba, tana zubawa a gefen zaninta. Alhaji, ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. Ina yaro "wannan yaron" take cewa, da na fara koyarwa ta koma "Malam". A ranar, a gaban leburorinka da mutanen gari, ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Garba, ka gama ƙirgar?"

Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai ranar, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Wannan kaɗai ya isa in ƙi yafe maka.

Goma sha tara ta tsira ne don a-kori-kurar da ke kwasar itacen ta cika, man injin kuma ya ƙare. Suka ce za su dawo. Na hau adaidaita sahu na bi motar har Bacirawa. A bakin murhun gidan burodinka na tarar da tarin gungume ya fi tsayina, da jan fentina a jikin da yawa daga ciki. Na roƙi mai hura wutar ya tsaga mini ɓawon da ke ɗauke da goma sha takwas kafin ya tura ta ciki. Bawan Allah ya tsaga mini. Yana ɗakina yanzu, a naɗe cikin buhu. Na tsaya na kalli hayaƙin yana tashi baƙi ƙirin, na tuna murfin tukunyar da ka ba mu labari. Abin da murhun nan ya ci a yini ɗaya, Inna ba za ta ƙona shi a shekara ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Na biyar, darbejiyarka.

Sati bai zagayo ba ka aiko da dashen darbejiya, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba, aka jera a bakin hanya aka kafa allo mai hotonka. Akuyoyi sun cinye rabi kafin fentin allon ya bushe. Sauran ni nake ba su ruwa, kuma zan ci gaba, don ba su yi mini laifi ba. Amma ka faɗa mini, shekara nawa za su yi kafin su zuƙe abin da ka tura sama a wannan Larabar? Kuma a gidan wa ka taɓa cin miyar da aka kaɗa da 'ya'yan darbejiya?

Yanzu ga abin da zan yi, ina faɗa maka tun da wuri don kada ka ce na zo maka ta bayan gida.

Na ji baƙin nan za su zo wata mai kamawa su karrama ka, kuma ta hanyarmu za a bi da su su ga dashe. Madalla. Littafin asali yana hannuna, kwafi ka ɗauka. Na bi shi layi-layi, na je kan kowane kututture, na sake rubuta masa lambarsa da ragowar fentinka. Na zauna da masu su ɗaya bayan ɗaya na nemi gafararsu, wasu sun yafe mini, wasu sun juya mini baya, kuma suna da gaskiya. Amma dukansu sun yarda da abu ɗaya. A ranar, kowa zai zo ya tsaya a kan kututturensa. Ba za mu yi ihu ba, ba za mu jefi motar kowa ba. Tsofaffi ne da zawarawa za su tsaya a rana, inda a da inuwa ce, ni kuma ina bakin hanya da littafi da ɓawon nan, in karanta wa duk wanda ya sauke gilashi. Kai ka koya mini cewa baƙi suna son abin da aka rubuta.

Masu shayin garinmu uku kuma sun daina karɓar burodinka tun makon jiya. Na san ba zai girgiza ka ba. Sai dai garuruwan da ke maƙwabtaka da mu ma suna da ɗorawa, suna da masu shayi, kuma ina da keke.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka janye leburorinka daga goma sha tara, ka faɗa a gaban mai unguwa da liman cewa ta Inna ce, ita da hanyar da za a bi a je gare ta ko bayan ka yanka fulotanka. Ka zo da ƙafarka ka tsaya a gaban kowane mai kututture ka ji abin da zai ce a yi masa, don ba ni zan yanke musu ba. Ka sauka daga wannan kujera a ba wanda ba shi da murhun da zai ciyar. Ni dai ka ɗauki wannan wasiƙa a matsayin ajiye aikina na sakatare.

In kuwa ka ce sai ka sare goma sha tara, to ka zo da shirinka. Inna ta kai kujerarta gindin bishiyar, can take wuni tana tsince kalwa, in an tashi daga makaranta ni nake karɓarta. Shekaranjiya na ɗauki wuƙa zan kankare lambar daga jikin bishiyar, don ganinta yana ƙona mini rai. Inna, wadda tun ranar Larabar nan ba ta ce mini ko sannu ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Bar ta, Malam. Shaida ce." Na mayar da wuƙar aljihu na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ina yi maka addu'a, Alhaji, da zuciya ɗaya. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ka kai wata mai kamawa da idonka biyu garau. Allah ya shirye ka in mai shiryuwa ne. In ba haka ba, Allah ya isa tsakaninmu da kai, ya haɗa mu a ranar da za a sauko da rana dab da kawunan mutane, kowa yana neman inda zai fake. Ɗumamar da ka yi mana wa'azi a kanta somin taɓi ce. A can Inna za ta tambaye ka inuwarta guda biyu, ni kuma ina bayanta riƙe da littafi.

Wassalam.

Malam Garba,
ɗan Inna Mai Daddawa.