Allon Furannin da Muka Kai Bakin Rami

Cikin alhini mai nauyi, tare da sallamawa ga Ubangijin da ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, Kwamitin Amintattu na Gidauniyar Iyayen Yaran Ramin Kwal, da ke ƙauyen Loa Ranten a gaɓar kogin Mahakam, ya samu labarin rasuwar Shugabar wannan gidauniya kuma wadda ta kafa ta, uwarmu Hajiya Rusmiati binti Haji Darmansyah, wadda babba da yaro ke kira Acil Rus, wato goggon kowa. Allah ya yi mata rasuwa da hantsin ranar Juma'a, tana da shekara hamsin da takwas, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, marigayiya Hajiya Rusmiati mai sayar da shinkafar karin kumallo ce a bakin kasuwa, ba ta san ƙofar ofishin kowa ba, har ranar da ɗanta Fadlan, mai shekara goma, ya tashi daga makaranta ya bi abokansa zuwa ramin da wani kamfanin haƙar kwal ya haƙa ya tafi ya bari a buɗe, ruwan sama ya cika shi har ya zama tafki, taku ɗari uku kacal daga katangar makarantar. Sai bayan kwana biyu aka fito da shi. Silifas ɗinsa kuwa suna nan a gefen ruwan, a jere, yadda ta koya masa ajiye takalmi a ƙofar ɗaki.

Tun daga ranar, babu gidan da ramin nan ya yi wa irin wannan ɓarna da marigayiya ba ta riga kowa shiga ba. Ita ke tsayawa riƙe da hannun uwa yayin da masu ninƙaya ke lalube, ita ke ɗauko takalman yaron ta wanke su ta kai wa uwar da hannunta, ita ke ɗora tukunya a gidan da aka manta da wuta, kuma ita ke komawa bayan sadakar arba'in, lokacin da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit. Sa'ad da ni Bahrudin, mai wannan sanarwa, na rasa 'yata, wakilan kamfanin suka zo mini da takardar yafe magana tun ba a yi sadakar uku ba, marigayiya ce ta fizge biron daga hannuna ta ce, "Din, idonka cike da hawaye, me kake gani da za ka sa hannu? Ajiye musu abinsu, su sha shayi su kama gabansu." Masu ce mana mu yi shiru don ƙaddara ce, amsarta gare su ba ta taɓa canjawa ba: "Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta zo da motar haƙa ba."

Abu uku Hajiya ta roƙa a rayuwarta: a cike ramin, in ba za a cike ba a kewaye shi, in ma hakan ya yi yawa a kafa allo ɗaya da zai gaya wa yaro cewa akwai mutuwa a nan. Shekara goma sha ɗaya tana kai wa kamfanin takarda, ana karɓa da murmushi ana ce mata ana duba lamarin. Ana cikin duba lamarin muka binne wasu yara takwas bayan Fadlan.

Saboda haka wajibi ne wannan Kwamiti ya sanar da jama'a abin da ya faru ranar Juma'a. Ko wankan gawa ba a gama ba, sai ga mota ta sauke allon furanni, irin wanda ake jerawa a ƙofar gidan rasuwa, ya fi na kowa girma, ya kere rufin shago, ɗauke da sunan kamfanin da manyan baƙaƙe da kalmomin jimami. Awa uku kacal ya ɗauke su su haɗa wannan allon. Mijin marigayiya, Pak (wato Malam) Syahrani bin Asmuni, wanda bai cika magana ba, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe dai suna da katako. Ashe kafintansu ma yana da rai."

Ba mu mayar musu da allon ba, don ba a yi mana tarbiyyar mayar da kyauta ba. Da izinin iyalan marigayiya, mun cire furannin mun zuba a kan kabarin Fadlan, mun kankare sunan kamfanin, muka rubuta da jan fenti cewa ruwan nan yana kisa, a ƙarƙashinsa kuma sunayen yaranmu tara da shekarun kowannensu. Jiya da safe iyaye mata suka ɗauke shi a kafaɗa suka kafa shi a bakin ramin, daidai inda hanyar makaranta ta ɓulle.

Labari ya iso mana cewa wasu na faɗin tunda Acil Rus ta kwanta dama, gidauniyar ta bi ta kabari, kuma an umarci masu gadin kamfanin su tumɓuke allon. Muna sanar da su cikin ladabi cewa Kwamiti ya naɗa Ibu (wato Malama) Marlina binti Jarkasi, mahaifiyar marigayi Ihsan, a matsayin Shugabar riƙo, kuma sadakar bakwai ta marigayiya a bakin ramin za mu yi ta, ranar Alhamis bayan la'asar, kowa ya zo da tabarmarsa. Wanda aka aiko cire allon, ba za mu taɓa shi ba, ba za mu zage shi ba. Ya dai zo ido na ganin ido, ya tsaya gaban iyayen yaran, ya karanta sunayen nan tara da babbar murya, in hannunsa ya iya sai ya cire.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Pak Syahrani, da 'yarsu Malama Norhasanah, da jikoki, da dukkan zuri'ar Haji Darmansyah. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya jiƙan Hajiya Rusmiati, ya yalwata kabarinta, ya sada ta da Fadlan a Aljannar Firdausi. Mun yi kuka, kuma ba mu ji kunyar yin sa ba, amma kada kowa ya ɗauka gajiya muka yi.

Sa hannu a madadin Kwamitin Amintattu,

Bahrudin bin Masrani
Kakakin Gidauniyar Iyayen Yaran Ramin Kwal
Mahaifin Salsabila, mai shekara takwas, suna na bakwai a kan allon